DARASI DOMIN TARON ƘUNGIYA: Digirin Aikin Jarida, Abin Da A Ke Zubawa Da Abin Da Ke Dawowa

Kowace shekara idan amfanin gona ya shigo gida, mu kan zaga ƙungiyoyi domin mu duba littafin ajiya da na rance. Abin da mu ke gani a ciki ya sake. Dā masu neman rance taki su ke so, ko garma, ko shanun huɗa. Yanzu kuwa roƙo da yawa na kuɗin makaranta ne. A cikin karatun da yara su ke ambata, akwai wanda su ke ce da shi Maskom, watau koyon aikin jarida da sadarwa.

A wata ƙungiya wani ɗan'uwa ya miƙe a taro ya ce 'yarsa ta sami gurbi a jami'a za ta yi wannan karatu, yana shawarar ya sayar da bijimansa biyu na huɗa. Ya tambaye mu ya ce, "Malam, in na sayar da su, shekara nawa za a yi kafin su dawo?" Ba mu amsa masa a ranar ba. Mu ka koma a taro na gaba da alli, mu ka yi lissafin tare a kan allo. Abin da mu ka yi a can shi ne mu ka kawo muku a nan.

Mun sani amfanin ilimi ya wuce kuɗi. Amma a wannan darasi kuɗi kaɗai za mu auna, gama kuɗi ne a ke nema daga akwatin ƙungiya, kuma kuɗi ne za a mayar.

1. MENENE WANNAN KARATU?

Karatu ne na shekara 4 a jami'a. A na koyon yadda a ke neman labari a tabbatar da shi, yadda a ke rubutawa, yadda a ke shirya shiri a rediyo da talabijin, da dokokin aikin. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ce ta fara koyar da aikin jarida a 1961, ta Legas ta biyo baya a 1966. Yau a na yinsa a Jami'ar Bayero ta Kano, da Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Jos, da ta Maiduguri, da wasu masu yawa.

A 2020 hukumar kula da jami'o'i, watau NUC, ta ba da sanarwa cewa an raba wannan karatu kashi 7: aikin jarida, watsa shirye-shirye a rediyo da talabijin, hulɗa da jama'a, talla, fim, sadarwa domin raya ƙasa, da nazarin bayanai da kafofin labarai. Saboda haka idan yaro ya ce Maskom zai yi, ku tambaye shi, "Wane reshe?" Dawa da gero da maiwa duk hatsi ne, amma ba kuɗinsu ɗaya a kasuwa ba.

2. ABIN DA A KE ZUBAWA

Naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Albashi mafi ƙaranci a doka Naira 18,000 ne a 2011, ya zama 30,000 a 2019, ya zama 70,000 a 2024, amma wanda ya je kasuwa ya san abin da ta ke saye. Bayan an cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota da na abinci su ka hau, jami'o'in gwamnati da yawa kuma su ka ƙara kuɗin rajista. Don haka mu yi lissafinmu da buhun masara, abin da kowa ya san wahalar samunsa.

Ga misali. Waɗannan adadi na koyo ne kawai. Kowace ƙungiya ta share su ta sa nata, bisa ga kuɗin buhu a kasuwarta da takardar kuɗin makarantar da yaro zai tafi.

A shekara ɗaya:
Kuɗin rajista da na makaranta, buhu 4
Kuɗin ɗaki, buhu 2
Abinci da sabulu, buhu 8
Kuɗin mota zuwa da dawowa, buhu 2
Littattafai, buga takardu da kuɗin data, buhu 2
Jimla, buhu 18

A shekara 4 ya zama buhu 72. Wannan karatu yana bukatar kayan aiki: kwamfuta, waya mai ɗaukar hoto da murya da kyau, da kuɗin aikin bincike na shekarar ƙarshe. Mu sa buhu 8. Jimla buhu 80.

Akwai wani kuɗi wanda ba a rubuta shi a takardar makaranta ba, yawancinmu kuma mu kan manta da shi. Shi ne hannun yaron da ya fita daga gona. Wanda zai maye gurbinsa ɗan ƙwadago ne, kuma sai an biya shi. Idan yarinya ce, ku tuna da abin da ta ke kawowa ta wurin kiwo, ko ɗinki, ko cinikin kasuwa. Mu sa buhu 8 a shekara. Kada ku lissafa shekara 4, ku lissafa 5. Dalili kuwa, ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta yi yajin aiki na wajen wata 9 a 2020, ta sake yin na wata 8 a 2022. Ko babu yaji, a kan yi zaman jiran sakamako da jiran kiran bautar ƙasa. Buhu 8 sau 5, buhu 40 ke nan.

Duka duka: buhu 120. Wannan ita ce uwar kuɗi. Ku rubuta ta a allo da manyan lambobi, za mu dawo kanta.

3. ƘOFOFIN DA KUƊI KE FITOWA

Bayan digiri akwai shekara ɗaya ta bautar ƙasa. Tun watan Maris na 2025 a ka fara biyan masu bautar ƙasa alawus na Naira 77,000 a wata. Wannan ya kan riƙe yaro a shekarar, amma wata 12 ne, sai ya tsaya. Daga nan akwai ƙofofi 5.

Ƙofa ta ɗaya: aikin gwamnati. Akwai ma'aikatar watsa labarai, da gidajen rediyo da talabijin na jiha da na tarayya, da ofishin labarai na ƙaramar hukuma, da koyarwa. A nan ne takarda ta ke da farashi tsayayye. Mai digiri ya kan fara a mataki na 8, mai takardar NCE a mataki na 7, mai ƙaramar difloma a mataki na 6. Akwai ƙarin girma, akwai fansho bayan shekara 35 na aiki ko shekara 60 da haihuwa. Amma ƙofar ƙanƙanuwa ce, masu jira a bakinta kuwa da yawa. Ku lura kuma, mataki na 8 ɗin nan na kowane mai digiri ne, ko tarihi ya karanta ko aikin gona. Ba Maskom ce ta kawo shi ba.

Ƙofa ta biyu: gidajen rediyo, talabijin da jaridu masu zaman kansu. Dā gwamnati kaɗai ke da rediyo da talabijin. Dokar 1992 ce ta buɗe hanya. Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio a Kano a 2003, jaridar Aminiya a 2006, tashar Arewa24 a 2014. Yau da wuya ka sami babban gari babu tashar FM. Wuraren aiki sun ƙaru ƙwarai. Amma mu tambayi kanmu, daga ina gidan rediyo ya ke samun kuɗi? Mai sauraro ba ya biyan ko kwabo. Kuɗin daga talla ya ke fitowa, da sanarwa, da masu sayen fili, da 'yan siyasa lokacin zaɓe. Idan tashoshi 10 suna neman talla a gari ɗaya, rabon kowa ya kan ragu. Ga shi kuma 'yan kasuwa da yawa sun mai da tallansu Facebook da YouTube. Shi ya sa albashi a ƙananan tashoshi ba shi da auki, wani lokaci ma ba ya zuwa a kan kari. Dokar albashi mafi ƙaranci kuma ba ta ɗaure ma'aikatar da ba ta kai mutum 25 ba.

Mun san wani saurayi daga yankinmu da ya yi aiki a wata tasha mai zaman kanta. Kowa a ƙauye yana jin muryarsa da safe, a na ce wa babansa ya huta. Alhali kuwa wata da watanni ba a biya shi ba, daga gida a ke aika masa da hatsi. Abin da a ka ce masa shi ne ya nemo talla a ba shi kamasho. Suna daban, albashi daban. A irin wannan hali ne wasu su ke faɗawa karɓar 'yar ambulan daga hannun waɗanda su ke ɗauko labarinsu. Wannan ba riba ba ce, sayar da mutunci ne, kada a sa shi cikin lissafi.

Ƙofa ta uku: gidajen rediyo na ƙasashen waje. A nan mai jin Hausa yana da rabo wanda wasu ba su da shi. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007, TRT Afrika ta Turkiyya a 2023. Biyansu ya fi na gida. Amma gurbin kaɗan ne, kuma gogaggu su ke ɗauka ta wurin jarrabawa. Ba shi kuma da tabbas. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta ba da umurnin rage hukumar da ke riƙe da Muryar Amurka, sashen Hausa ya yi shiru, ma'aikata da wakilai su ka wayi gari babu aiki. Uban da ya ci bashi yana hangen wannan ƙofa kaɗai, ya tuna hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ƙofa ta huɗu: hulɗa da jama'a, talla, da aikin wayar da kai. Bankuna, kamfanoni, asibitoci, jami'o'i da ƙungiyoyin agaji duk suna bukatar mai rubuta musu sanarwa da rahoto, mai ɗaukar hoto, mai kula da shafinsu na intanet, mai fassara saƙon lafiya ko na noma zuwa harshen mutane. Ba a jin sunan masu wannan aiki a rediyo, shi ya sa yara ba su cika ambatarsa ba. Amma sau da yawa a nan ne albashi ya fi kyau. Sai dai aikin ƙungiyoyin agaji na kwantiragi ne, idan kuɗin shirin ya ƙare aikin ya ƙare.

Ƙofa ta biyar: aikin kai. Ɗaukar hoto da bidiyo na biki da taro, haɗa talla ta murya, fassara, aikin fim, ko buɗe tasha a YouTube. Babu mai tambayar takarda a nan. YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da mutum sai ya cika sharaɗi, misali mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Masu farawa da yawa ne, masu ci da shi kaɗan ne. Wannan ƙofa tana bukatar jari na kayan aiki da haƙurin ɗan kasuwa.

4. TAKARDA DA IYAWA

Ga babban abin da mu ke so kowa ya riƙe daga wannan darasi. Likita ba ya taɓa majiyyaci sai da lasisi. Lauya ba ya tsayawa a kotu sai an rantsar da shi. Takardarsu kamar shinge ce, tana hana wasu shiga gonarsu. Aikin jarida ba shi da shinge irin wannan. Wanda ya karanta Hausa, ko Turanci, ko kimiyyar siyasa, ko ma wanda bai je jami'a ba, idan ya iya, a na ɗaukarsa. Mu da mu ka fito daga kwalejin horon malamai mu kan tuna cewa Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun farkonta a 1939, malamin makaranta ne a Katsina kafin ya kama aikin jarida. Alƙalaminsa ne ya kai shi.

Wannan ba ya nufin digirin banza ne. Yana buɗe ƙofar gwamnati da ta manyan kamfanoni, waɗanda ba su duba takardar neman aiki sai da shi. Yana taimakon ƙarin girma. Yana haɗa yaro da malamai da abokai da za su nuna masa hanya. Amma digiri kamar gona ce da a ka saya. Sayen gona ba ya cika rumbu, sai an noma ta. Ranar neman aiki abin da za a ce wa yaro shi ne, "Rubuta mana wannan labari cikin minti 30. Fassara wannan daga Turanci. Karanta wannan a gaban makirfo. Haɗa mana wannan bidiyo." Wanda ya yi shekara 4 yana haddace takardun malami kawai, a nan zai tsaya.

Yanzu kuma akwai manhajoji na kwamfuta da ke rubutu da fassara cikin ƙiftawar ido. Ƙaramin aiki na kwafa da juyawa zai ƙara araha. Abin da na'ura ba ta yi shi ne ta shiga ƙauye, mutane su yarda da ita, ta gane ƙarya daga gaskiya. 'Ya'yanmu sun san gona, sun san kasuwar hatsi, suna jin Hausa da harshen gida. Ɗan jarida da ya san bambancin takin NPK da yuriya, ya kuma san dalilin da farashi ke faɗuwa da kaka, yana da hajar da ɗan birni ba shi da ita.

5. YAUSHE UWAR KUƊI ZA TA DAWO?

Mu koma kan buhu 120. Kada ku lissafa dukan albashin yaro kamar riba. Ribar digiri ita ce bambanci tsakanin abin da ya ke samu da digiri da abin da zai samu in da ya tsaya a sakandare ya kama noma ko sana'a.

Idan bambancin buhu 30 ne a shekara, uwar kuɗi za ta dawo cikin shekara 4.
Idan buhu 15 ne, shekara 8.
Idan buhu 6 ne, shekara 20.
Idan ya zauna shekara 3 babu aiki, ku ƙara 3 a kan kowane ɗaya.

Yaran nan uku takarda iri ɗaya ce a hannunsu. Abin da ya raba su shi ne ƙofar da kowa ya shiga da abin da hannunsa ya iya. Ku lura kuma, ko a lissafi mafi kyau, daga ranar da a ka fara biya zuwa ranar da kuɗi ya dawo an yi wajen shekara 10: biyar a makaranta, ɗaya a bautar ƙasa, huɗu a aiki. Rancen ƙungiya kuwa daga kaka zuwa kaka ne. Ba a shuka mangwaro da kuɗin da za a biya bana.

6. SHAWARWARI GA IYAYE DA ƘUNGIYA

(a) Kada a sayar da gona, kada a jinginar da ita, kada a sayar da shanun huɗa domin wannan karatu. Su ne za su biya shekara ta 2 da ta 3 da ta 4. Wanda ya sayar da su a shekarar fari, yaron zai tsaya a tsakiya, a rasa shanu a rasa digiri.

(b) A nemi rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya. An sa hannu a dokarsa a watan Afrilu na 2024, asusun NELFUND ke ba da shi ga ɗaliban makarantun gwamnati. Babu kuɗin ruwa. A na biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, an kuma fara da ba ɗalibi Naira 20,000 a wata na abinci. Biya yana farawa shekara 2 bayan bautar ƙasa, a na cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Bashi ne, ba kyauta ba, yaro ya san da haka.

(c) A tabbata NUC ta amince da karatun a wannan makaranta, kuma gurbin ta hannun JAMB ya fito. In ba haka ba yaro zai gama a ƙi kiransa bautar ƙasa.

(d) A gwada yaro kafin a zuba kuɗi. Ya riƙe littafin taron ƙungiya na wata 3. Ya saurari labarai da Turanci ya faɗa muku da Hausa. Ya je kasuwa ya rubuto farashi da dalilin hawa da sauka. In yana yin haka da murna, alama ce mai kyau. In sha'awarsa a ji muryarsa ce kawai, a sake shawara.

(e) A duba gajeruwar hanya. Ƙaramar difloma a kwalejin kimiyya da fasaha shekara 2 ce, daga baya a na iya shiga jami'a a aji na 2. A Jos akwai kwalejin talabijin ta NTA da makarantar koyon aikin fim. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana koyar da wannan fanni, mutum yana karatu yana noma.

(f) A yi sharaɗi da ɗalibi: kowane hutu ya yi aikin koyo a gidan rediyo ko jarida ko shagon bidiyo, ya kuma tara ayyukan da ya yi domin nunawa. Kafin ya gama ya iya buga rubutu da sauri, ya iya haɗa murya da hoto, ya iya rubuta Hausa da Turanci babu kuskure.

(g) Ƙungiyar da ke son taimakon karatu ta buɗe asusu dabam, kowa ya zuba mudu kaɗan da kaka. Kada a taɓa kuɗin taki. A ba 'ya'ya mata dama daidai da maza, da ma'auni ɗaya.

Ɗan'uwan nan da mu ka ambata bai sayar da bijimansa ba. Ya ƙara yi wa maƙwabta huɗa da su a kan kuɗi, ya ware gonar gyaɗa ɗaya domin makaranta. 'Yar ta nemi rancen ɗalibai, da hutu kuma tana zuwa wata tashar FM tana koyon aiki a shirin manoma. Girbin bai zo ba tukuna. Amma ya san abin da ya shuka, ya san kuma shekarun da zai jira.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Nawa ne buhun masara a kasuwarku yau? Ku sake lissafin sashi na 2 da naku adadin.
2. Me ya sa a ke sa hannun yaro da ya bar gona cikin kuɗin karatu?
3. Daga ina gidan rediyo ya ke samun kuɗin biyan ma'aikata?
4. Ku lissafa, ba tare da ambaton suna ba, waɗanda su ka gama jami'a a yankinku cikin shekara 5 da su ka wuce. Mutum nawa ke da aiki? Ta wace ƙofa?
5. Ya kamata ƙungiyarku ta ba da rancen karatu daga kuɗin taki? In a'a, me za ku yi wa ɗan'uwa da ya zo da wannan bukata?

AIKI KAFIN TARO NA GABA

Magatakarda ya gayyato wani da ya yi wannan karatu, ya zo ya faɗa wa ƙungiya gaskiyar abin da ya kashe da abin da ya ke samu. A kira matasa maza da mata su zauna su ji. Ma'aji ya kawo alli.